Bulala ko taswira: ina wasan Castlevania za shi dosa?

Cikin watan Fabrairu na 2026 kamfanin Konami na ƙasar Japan ya ba da sanarwar sabon wasa a jerin wasanninshi na bidiyo da ake kira Castlevania. Sunan sabon Belmont's Curse. Wani kamfanin Faransa, Evil Empire, shi anka danƙa ma aikin, labarin kuwa a birnin Pari anka ajiye shi, cikin shekara ta 1499. Wani zai ce: wasan yara, mi ya kawo shi jarida? To, yaran da sunka fara shi a 1986 yau sun yi furfura. Gardamar da ke tsakaninsu kuwa duk mai sana'ar gado ya san ta: mi za a riƙe daga aikin magabata, mi za a saki.

Bari mu fara da bayani, don wanda bai taɓa riƙa abin ba. Mai wasa shina zaune gaban telebijin ko kwamfuta, da ɗan akwatin maɓallai a hannu, shina sarrafa wani jarumi cikin allo. Abokin gabar jarumin shi ne Dirakula, wanda wani marubucin ƙasar Ailan, Bram Stoker, ya ƙago a littafinshi na 1897, ya aro mishi suna daga Vlad, wani basaraken Walakiya na ƙarni na 15, a ƙasar Rumaniya ta yanzu. Matacce ne da ya ƙi kwanciya: da rana shina cikin akwatin gawa, da dare ya fito shan jinin mutane. A wasan, wajen kowace shekara 100 sai shi tashi tare da fadarshi, sai ɗaya daga zuri'ar Belmont ya ɗauko bulalar da sunka gada kaka da kakanni, ya shiga fadar ya kai shi ƙasa.

Wasan farko ya fito ran 26 ga Satumba 1986. Jaruminshi, Simon Belmont, mutum ne mai nauyin jiki. Tafiyarshi a hankali take. In ka danna maɓalli, sai ya ja bulala baya tukuna kana ta sauka, don haka tilas ka kai dukan kafin dodo ya iso gare ka. In ya yi tsalle ba ka da ikon sauya mishi hanya a sama, inda ya nufa nan za shi faɗa. In abu ya taɓa shi sai ya yi baya, bayan nan kuwa sau da yawa rami ne. Akwai wasu kawuna masu gashin macizai da ke zuwa suna lilo sama da ƙasa, ba su da wani ƙarfi, aikinsu kawai su ture ka daga kan tudu. Ka doki kyandir, zuciya ta faɗo, amma ba rai take ƙara maka ba, kuɗin jifa ce da wuƙa ko gatari ko ruwan tsarki. Abin da ke ƙara rai shi ne gasasshen nama da ake tonowa cikin bango. Wa ya ajiye nama a bango, kuma tun yaushe, masu wasa sun ci ba su tambaya ba.

Zanen wancan zamani ba shi firgita ko jariri. Tsoron daga raunin jarumi shike fitowa. Kowane taku alkawari ne da ba ka iya warwarewa. A ganina nan gadon gidan shike.

A 1997 anka yi babban juyi da Symphony of the Night, a na'urar PlayStation. Jarumin shi ne Alucard, ɗan Dirakula, mai saurin jiki, da takobi maimakon bulala. Fada ta zama gida guda mai ɗakuna da yawa, da taswira da ke buɗewa sannu sannu. Ka ga ƙofa ba ka iya kai gare ta, sai can gaba ka samu ikon rikiɗa jemage ko hazo, ka komo ka shige. Sa'ad da kake tsammanin ka gama, sai ga fada ta biyu, ita ce dai ta farko anka kife ta, rufi ya zama daɓe. Koji Igarashi na cikin shugabannin aikin, Michiru Yamane ta yi kiɗan, Ayami Kojima ta zana mutanen. Daga 2001 zuwa 2008 anka yi wasu shida a bisa wanga tsari, a ƙananan na'urorin hannu na Nintendo. Har suna anka raɗa ma salon, Metroidvania, an haɗa sunan wasan da na wani wasa, Metroid.

Ba ni musun kyawon Symphony of the Night. Amma da shi ne wata ɓaraka ta shigo. Duk dodon da ka kashe, lambar ƙarfinka na ƙaruwa. Wanda ya kasa wuce wuri, ba sai ya koyi wurin ba: ya koma baya ya yi ta kisan ƙananan dodanni har jarumi ya yi ƙiba, ya zo ya bi ta kan abin da ya gagare shi. In kuwa ya dace da takobin nan Crissaegrim, wanda ke sara sau da yawa a danni guda, to sauran fada yawon shan iska ne. Gwaninta ta bar yatsun mai wasa ta koma cikin lissafi.

Hanya ta uku ita ce ta hoto mai zurfi, inda jarumi ke shiga ciki, ba gefe zuwa gefe kaɗai ba. An gwada a 1999 a Nintendo 64, idon kallon ya wahal da mutane wajen tsalle. An sake a 2003 da 2005. A 2010 kamfanin MercurySteam na Ispaniya ya fitar da Lords of Shadow, ya samu kasuwa ƙwarai, ko da shike da yawa sun ce ya fi kama da God of War bisa ga iyayenshi. Na biyunshi, a 2014, ya kai Dirakula birnin zamani, har da wuraren da sarkin masu shan jini ke rikiɗa ɓera don shi ɓuya ma masu gadi. Bai karɓu ba. A shekarar nan Igarashi ya bar Konami. A 2015 ya roƙi jama'a gudummawa ta Kickstarter don shi yi nashi wasan, Bloodstained, anka tara mishi fiye da dalar Amurka miliyan 5 da rabi, wasan ya fito a 2019.

Konami kuwa ta yi sama da shekara 10 tana cin tsohuwar ajiya. Ta tattara tsofaffin wasanni ta sake saidawa a 2019 da 2021 da 2024. Ta ba Netflix labarin anka yi majigin zane daga 2017 zuwa 2021, da wani a 2023. Ta ba da aron sunan ga wasannin wasu, Dead Cells a 2023, Vampire Survivors a 2024. Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, amma tulun ba shi cika kanshi.

Yanzu ga inda nike tsaye. Mafi yawan masoya cewa suke a koma ma taswira irin ta 1997, shi ke nan. Ni ina ganin wanga kaɗai ba shi isa. Sa'ad da mai gida ke barci, maƙwabta sun koyi sana'ar. Wata ƴar ƙungiya ta mutum uku a birnin Adiled na Ostareliya ta fitar da Hollow Knight a 2017, ta bi shi da Silksong a 2025. Ƴan Sebil ta Ispaniya sun yi Blasphemous a 2019, da duhu da majami'u da duk abin da anka san Castlevania da shi. Wanda ya zo kasuwa da hajar da kowa ya riga ya baza, tsohon suna ba shi saida mishi ita fiye da sau ɗaya.

Abin da maƙwabtan nan ba su da shi, bulala ce. A ajiye taswira, ba laifi, amma a maido da nauyin hannu cikinta. Duka shi zama sai an auna, tsalle shi zama sai an yi shawara. A rage lambobin ƙarfi, ko a yi musu iyaka, yadda dodon da ya kada ka ba shi faɗuwa sai ka karanci motsinshi. Order of Ecclesia na 2008 ya nuna ana iyawa: jarumarshi, Shanoa, kowane sara shina cin ƙarfin sihirinta, kuma kowane dodo da irin makamin da ke kama shi. Wasan ya yi tsauri, tsoro ya komo. Super Castlevania IV na 1991 kuma ya nuna iyakar abin: an ba Simon ikon kai bulala kusurwa 8, da rataya da ita a ƙugiya shi ƙetare rami. Ratayar ta yi armashi. Kusurwa 8 kuwa ta sa gatari da wuƙa sunka kusa zama kayan ado, don bulala ta ɗauke musu aiki.

Za a ce mini: magidanci da ya taso daga aiki a gajiye, da rabin sa'a kaɗai a hannu, ina shi ina mutuwa sau 20 a matakala guda? Maganar na da ƙarfi, ni ma na san wagga gajiya. Maganinta a yawaita ɗakunan ajiye ci gaba, a ba mutum zaɓin mataki mai sauƙi tun farko. Wanda ya so ya ɗauka. Kada a sassauta ma kowa don a faranta ma wasu.

Akwai kuma gado guda da ya faro tun 1987, cikin Simon's Quest: dare da rana. Da rana garuruwa na buɗe, kana sayayya, kana tambayar mutane, wasunsu kuwa ƙarya suke maka da gangan. Da dare a rufe ƙofofi, matattu su cika titi, dodanni su ƙara ƙarfi. Ƙarshen labarin ma ya danganta ga yawan kwanakin da ka ɓata. An yi ma wasan dariya, kuma da dalili: rubutu ne ke tsaida kai duk faɗuwar rana, kuma akwai inda sai ka durƙusa gindin wani dutse da jan lu'ulu'u a hannu, ka jira guguwa ta ɗauke ka, abin da kusan ba mai ganewa sai an faɗa mishi. Aikin ne ya yi rauni, dabarar lafiya lau take. Labarin mai shan jini ai labarin faɗuwar rana ne. Na'urorin yau suna iya sa inuwa ta yi ta tsawo a bango kana gani, kana lissafin ko za ka kai mafaka kafin duhu. In labari ya fita fada ya shiga birni mai mutane, kamar Pari, to ga wurin wagga dabara.

Ga wani gargaɗi. Evil Empire sun yi shekaru suna ciyar da Dead Cells gaba, wasan da ke sake shirin ɗakuna duk sa'ad da ka mutu. Wanga tsari na da daɗinshi, amma duk ranar da anka shigo da shi gidan Dirakula, an rushe gidan. Fadar nan da hannu anka gina ta. Mai wasa ya san zauren shiga, ya san hasumiyar agogo da ƙafafun ƙarfenta masu juyawa, ya san doguwar matakalar ƙarshe da wata a bayanta. Wurin da ka sani ne ke ba ka tsoro in ka iske an taɓa wani abu cikinshi. Fadar da anka kife a 1997 ba ta girgiza kowa ba sai don ya riga ya haddace ta tsaye.

Hoto mai zurfi fa? Ban ce a rufe ƙofar ba. Bloodborne na 2015 ya tabbatar ana iya haɗa duhu da tsauri da zurfin hoto. Sai dai irin wanga aiki na cin kuɗi da shekaru masu yawa, kuma kamfanin da ya zuba dukiya haka ba shi yarda da kasada, sai ya kwaikwayi abin da ke ci a kasuwa. Haka anka samu Lords of Shadow. Wasa ƙarami shi ke da ƴancin taurin kai. Shi ne kuma ke tashi a na'ura mai araha, wadda irin aljihunmu ke iya kaiwa. A nan ina roƙon abu guda: a saida wasa cikakke sau ɗaya, shi yi aiki ko ba intanet. Grimoire of Souls, na wayar salula, an buɗe shi a Kanada a 2019, anka rufe a 2020, sai a 2021 ya komo ta Apple Arcade, inda ake biya wata wata. Kaset ɗin 1987 kuwa, wanda ya adana nashi da na'urarshi, ba mai iya rufe mishi shi daga nesa.

Saura bashi guda. Aria of Sorrow na 2003, wanda labarinshi ke cikin 2035, ya faɗa muna cewa a 1999 Julius Belmont ya halaka Dirakula halaka ta ƙarshe, anka kulle fadar cikin husufin rana. Husufin gaske ne anka jingina ma labarin, don ran 11 ga Agusta 1999 rana ta yi husufi cikakke bisa Rumaniya. Wanga yaƙi, mafi girma a tarihin gidan, har ƙarshen 2025 ba a maida shi wasa ba. In za a yi shi, tsarin 1989 ya dace da shi, na Castlevania III: hanya ta rabu biyu ka zaɓi ɗaya, abokan tafiya kowa da irin tsallenshi da makaminshi, wanda ka ɗauka ya hana ka ɗaukar wani. A ƙara da rana da ke ta raguwa a sama tun daga ƙofar fada, ta zama ita ce agogon mai wasa, Julius kuma shi hau matakalar ƙarshe da bulala kaɗai.