A Buɗe Ƙofar Jami'a Kyauta Ga Masu Yi Wa Makiyaya Hidima

A wannan fitowa muna so mu ja hankalin 'yan'uwa makiyaya da fataken dabbobi kan wata magana da muka daɗe muna tattaunawa a zaman ƙungiya, wadda kuma muke ganin lokacin fito da ita fili ya yi, tunda masu iya magana sun ce da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.

Kowa ya san yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya rufe jami'o'in Khartum da Omdurman, ya kuma lalata da yawa daga cikin gine-ginensu. Bayan sojoji sun sake karɓe Khartum a watan Maris 2025, sai aka shiga maganar gyara da komawa karatu. To, abin da muke cewa shi ne, a yayin da ake sake tsara wa zai shiga da nawa zai biya, a keɓe kujeru kyauta domin mutanen da suke bin mu daji suna yi mana aiki. Muna nufin malamin makarantar makiyaya, da ungozomar ruga, da mai allurar dabbobi, da ƙaramin malamin asibiti na ƙauye.

Mai rubuta wannan shafi bai wuce firamare ba, haka ma yawancinmu a ƙungiya. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mun san wani malami da ya yi shekaru yana ƙaura tare da wasu dangi namu, allonsa da alli a bayan raƙumi, ajinsa gindin bishiya. Wasu cikin yaran da ya koya wa baƙi sun wuce shi a karatu, shi kuwa yana nan da takardar sakandaren da ya fara aiki da ita. Sau biyu ya nemi shiga kwalejin ilimi, sau biyu kuɗi ya dawo da shi. Daga ƙarshe ya ajiye alli ya tafi haƙar zinariya. Tun daga ranar makarantar wannan ruga ta mutu, domin ba a sami wanda zai gaje shi ba.

Kada wani ya ce abin da muke nema baƙon abu ne a ƙasar nan. A 1921 aka buɗe makarantar ungozomai ta Omdurman a ƙarƙashin wata Baturiyar Ingila mai suna Mabel Wolff. Matan farko da ta ɗauka ungozomomin gargajiya ne waɗanda ba su iya karatu ko rubutu ba. Da gani da sansana da ɗanɗano aka koya musu bambance magunguna, aka ba kowace akwatin kayan aiki, ta koma cikin jama'arta. Cikin waɗanda suka fito daga wannan makaranta akwai Sitt Batul Muhammad Isa, wadda ita ma ta zama mai koyarwa a wurin. Ashe tun shekaru ɗari da suka wuce aka gane cewa wanda ya riga ya saba yi wa jama'a aiki, shi ya fi dacewa a ƙara masa sani.

Haka kuma Jami'ar Khartum, wadda ta samo asali daga Kwalejin Gordon ta 1902, ta kuma zama cikakkiyar jami'a a 1956. Dattawanmu sun shaida zamanin da ɗan talaka zai shiga can, a ba shi ɗakin kwana da abinci, gwamnati ce mai ɗaukar nauyi. Manyan likitocin dabbobi da yawa da suka fito daga Shambat ta wannan hanya suka yi karatu. Daga 1990, a ƙarƙashin abin da gwamnatin Umar al-Bashir ta kira juyin ilimi mai zurfi, aka ƙara yawan jami'o'i a jihohi, wanda ba mu ce laifi ba ne, amma aka janye ciyarwa da kwana kyauta, aka miƙa lamarin ga wani asusun kula da ɗalibai. Daga baya aka shigo da tsarin kujerun masu biya daga aljihunsu, inda mai kuɗi kan shiga da makin da bai kai na ɗan talaka ba. Wanda wannan canji ya fi buga wa shi ne na nesa, wanda ba shi da gidan kawu a Omdurman da zai sauka.

Abin mamaki, a cikin waɗannan shekaru na 1990 ne aka fara makarantun tafi-da-gidanka na makiyaya a Darfur da Kurdufan da taimakon UNICEF: malami ɗaya, yara har aji huɗu, jama'ar ruga suna ƙara masa da tumaki ko awaki a kan ɗan albashinsa. A Nijeriya ma an kafa hukumar ilimin makiyaya a 1989, hedikwatarta a Kaduna. Wato an buɗe wa ɗan makiyayi ƙofar aji ɗaya a daidai lokacin da aka ƙuntata wa malaminsa ƙofar jami'a.

Ga masu allurar dabbobi kuwa, tsofaffinmu ba su manta da bushiya ba, cutar da kan share garke cikin 'yan kwanaki. A 2011 aka bayyana cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya. A wuraren da yaƙi ya hana likita shiga, musamman kudancin Sudan a shekarun 1990, 'ya'yan makiyaya ne da aka ba horo na 'yan makonni suka ɗauki allurar da ba ta buƙatar ƙanƙara suka bi garke-garke a ƙafa. Ire-irensu suna nan cikinmu har gobe, su ne ke fara ganin ciwon huhu da boru da sammore kafin labari ya kai ofis. Fatake kuma sun tuna 2007, lokacin da zazzaɓin Rift Valley ya ɓulla, ƙasashen waje suka dakatar da sayen dabbobinmu, farashi ya faɗi a kasuwar Muwailih. Da a ce mai lura da garke yana da ilimin gane cuta da wuri, asarar da ake yi a irin wannan hali ba za ta kai haka ba.

To, ga abin da muke nema a fili. Duk wanda ya yi shekara biyar yana ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka a cikin makiyaya, kuma ardo ko shehin ƙabila da ofishin da yake aiki a ƙarƙashinsa suka shaida, a ɗauke masa kuɗin rajista da na karatu a jami'a ko kwalejin gwamnati, a fannin aikinsa, a kuma ba shi wurin kwana. Wanda takardarsa ba ta kai ba, a yi masa shekara guda ta share fage. Shi kuma ya sa hannu cewa zai dawo ya yi aiki cikin makiyaya gwargwadon shekarun da ya yi yana karatu, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Mun san za a ce ƙasa na cikin yaƙi, baitulmali babu kuɗi. Gaskiya ne. Sai dai muna tambaya, tun da Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, me ke kawo wa ƙasar nan kuɗin waje in ban da zinariya da amfanin gona da dabbobi? Ragunan da ake lodi a Sawakin zuwa Saudiyya da raƙuman da ake kaiwa Masar daga hannun wa suka fito? Kowane falke ya san yawan rasit ɗin da yake karɓa tun daga kasuwar ƙauye har dabba ta shiga jirgin ruwa, ga kuma zakkar dabbobi da hukuma ke karɓa. Sabon haraji ba ya cikin roƙonmu. A yanki wani kaso sananne daga abin da ake karɓa yanzu, a rubuta shi a kasafin kuɗi da sunan wannan aiki.

Wannan rubutawa a kasafi ita ce gishirin maganar. Yarjejeniyar Abuja ta 2006 ta yi alƙawarin ɗauke wa ɗaliban Darfur kuɗin karatu, amma aka yi ta jayayya tsakanin ɗalibai da jami'o'i kan wa ya cancanta da kuma wa zai cike giɓin, har a Disamba 2012 aka tsinci gawar ɗalibai huɗu na Jami'ar Jazira bayan zanga-zanga kan wannan batu. Ba ma son a ba mu alƙawarin baka wanda zai bar yaranmu suna rigima da magatakardan jami'a.

Za kuma a ce in sun sami digiri za su tsere zuwa ƙasashen Larabawa. Wasu za su tafi, ba ma musu. Amma wanda ya yi shekara biyar yana shan ruwan tafki tare da mu, matarsa da 'ya'yansa suna cikinmu, ya fi ɗan birni da aka turo dole yiwuwar dawowa. Wanda ya karya alƙawari kuma, ya biya abin da aka kashe masa, a ba wani.

Mu ma akwai namu nauyin, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In malaminmu ya tafi karatu, dangin da yake koya wa 'ya'yansu su riƙe iyalinsa, su kiwata 'yan dabbobinsa. Fatake da dillalai su amince da ɗan wani abu a kan kowane kai da aka sayar, domin kuɗin mota da littattafai. Sannan mu bar 'yan matanmu da suka fara aikin ungozoma su je su ƙaro sani, domin duk wanda ya taɓa ɗaukar mai naƙuda a kan amalanke cikin damina ya san abin da muke nufi.

Muna roƙon shugabannin rassa su fara rubuta sunayen masu waɗannan ayyuka a yankunansu, da shekarun da kowa ya yi, da takardar da yake da ita, su kawo a zama na gaba. Da wannan lissafi za mu tunkari ma'aikatar ilimi mai zurfi da ta albarkatun dabbobi. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan yaƙi, ya albarkaci garkenmu da zuriyarmu, amin.