Wasiƙa Daga Zahir: Maganar Ajiye Aiki Don Kasuwancin Intanet



'Yan'uwa da abokan arziki, bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fatan kowa yana lafiya kamar yadda muke nan lafiya, ni da maman yara da yaran baki ɗaya. Zafi dai sai hamdala, wanda ya san Makka ba ya tambaya. Na kwana biyu ban rubuto ba, ku yi mini afuwa, wata magana ce ta tsaya mini a rai, na ga gara in bari sai na gama juya ta kafin in buɗe baki.

Maganar kuwa yawancinku kun riga kun ji ta. Autanmu ne ya kawo shawarar in ajiye aikin da nake yi na kula da sito a kamfanin da ke kai wa otal-otal kayan abinci, mu haɗa hannu mu buɗe shago a intanet, muna sayar da tsarabar Makka: abaya, jallabiya, dabinon ajwa, turare, carbi, darduma. Ni in riƙa saye daga nan ina aikawa, shi kuma yana tallatawa a Instagram da WhatsApp yana karɓar kuɗi a Kano. Kawu ya goyi bayansa, ya ce gidanmu gidan fatauci ne tun kaka da kakanni, kuma ba a taɓa jin wanda ya yi arziki da albashi ba. Yaya ya ce wannan sakin reshe ne a kama ganye. Hajiya ba ta ce komai ba illa a yi istihara. To na yi, na kuma yi lissafi, ga abin da na gani.

Da farko ina so ku fahimci wani abu da mutumin gida ba ya saurin ganewa. A Kano idan mutum ya ajiye aiki, albashi kawai ya rasa. Gobe zai tashi a ɗakinsa, ya yi sallah a masallacin unguwarsu, ya shiga Kantin Kwari ya nemi na cefane. A nan ba haka abin yake ba. Takardar zamana, wato igama, a jikin aikin nan take rataye, igamar maman yara da ta yara kuma a jikin tawa. Ranar da na ajiye aiki ban koma hannun wani kamfani ba, abin da ya rage shi ne bizar fita ta dindindin, mu tattara komatsanmu mu nufi filin jirgin Jidda. Gaskiya ne tun 14 ga Maris 2021 an sassauta tsarin kafili, ma'aikacin kamfani yana iya sauya wurin aiki bayan shekara ɗaya ba sai maigidansa ya yarda ba. Amma sauya maigida aka ce. Ba a ce baƙo ya zama maigidan kansa ba.

Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta hana baƙon ma'aikaci yin aiki don ƙashin kansa. Takardar izinin sana'ar kai da ake bayarwa ta intanet, wadda samarinsu da 'yan matansu suke buɗe shaguna da ita, ta 'yan ƙasa ce kawai. Abin ma da zai ba ku dariya, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin da ke buɗe wa mutane shago a intanet a ƙasar nan, Salla, a nan Makka aka kafa shi a 2016. Ga kogi a ƙofar gida, amma ba ni da guga. Akwai igama ta musamman da aka fito da ita a 2019, wadda mai ita ba ya buƙatar kafili, sai dai farashin da aka sa mata riyal 800,000 ne ta dindindin, ko 100,000 duk shekara. Wanda yake da wannan kuɗin ai ba zai zauna yana ƙirga buhunan shinkafa a sito ba.

Na san abin da autanmu zai ce, domin ya riga ya faɗa mini: ai kowa yi yake yi. Haka ne, ana yi. Ana samun ɗan ƙasa ya ba da sunansa a yi rajista, baƙo ya zuba kuɗi ya gudanar, a riƙa ba mai sunan wani abu duk wata. Wannan shi suke kira tasattur, kuma dokar da aka sabunta a 2020 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 5, a ƙwace abin da aka samu, sannan a kori baƙon daga ƙasar. An ba da wa'adi kowa ya gyara lamarinsa, wa'adin ya ƙare a Fabrairun 2022. Ko ba a kama mutum ba, ku duba rauninsa: shago da asusun banki duk da sunan wani suke. Ranar da mai sunan ya juya baya, ko ya rasu magada suka taso, wace kotu za ka je, kuma me za ka ce mata? Na ga dattijon da hakan ta faru da shi, shekarunsa sun haura sittin, yana zaune a bakin masallaci ba ya iya ba da labarin sai ya yi shiru a tsakiya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Saboda haka tambayar da ke gabana ta gaskiya ita ce, in ci gaba da zama a Makka, ko in koma Kano. Da na gane haka sai lissafin ya sauya gaba ɗaya, domin duk wata fa'ida da autanmu yake hange ta dogara ne a kan cewa ina nan kusa da kaya. In na ajiye aiki kuwa, ba na nan.

To kayan ma mu duba su. Daga gidanmu a nan Zahir zuwa kasuwar Utaibiyya ba nisa, kuma na ɓata yammaci da dama ina shiga shaguna ina juya kaya ina karanta abin da aka rubuta a jikinsu. Carbi da hula da yawancin ƙananan tsaraba daga Sin suke, darduma daga Turkiyya ko Sin, yadin abaya ma shigo da shi ake yi. Alhajinmu na Kwari da ke zuwa Dubai da Gwanzu da kansa yana cika kwantena, shi zan yi gasa da shi da kayan da na saya a hannu na uku, na biya kuɗin jirgi a kan kowane kilo? Wanda ya shiga kasuwar Hajj Camp a Kano ya san babu tsarabar da ba ta can, har alhazai da yawa sukan jira sai sun sauka su saya a raba wa 'yan barka da zuwa. Abin da yake na nan na asali kaɗan ne. Dabinon Madina yana ciki, kuma shi kam akwai magana a kansa. Zamzam kuwa a cire shi daga lissafi, hukuma ba ta yarda a fitar da shi don sayarwa ba, galan mai lita 5 da alhaji yake tafiya da shi na shansa ne da iyalinsa.

Sai maganar canji, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro. Riyal a ɗaure yake da dalar Amurka, 3.75 a kan dala ɗaya, tun 1986. Naira kuwa kun fi ni sani. A tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 750 a Wapa, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wato riyal ɗaya ya tashi daga kamar naira 200 zuwa sama da 400 cikin 'yan watanni. Wanda ya sayi abaya da riyal a lokacin, ya sayar da naira, ya ba da bashin wata biyu, to da kuɗin suka dawo hannunsa rabin kayan kawai za su sake saya masa, alhali a littafi yana ganin riba. Ni kuwa mai karɓar albashi da riyal, wannan faɗuwar ba ta taɓa ni ba, sai ma abin da nake aiko wa Hajiya ya ƙara auki. Mutum ya bar ɓangaren da ke karɓar riyal ya koma ɓangaren da ke biyan riyal, ai sai ya yi tunani sau biyu.

Akwai kuma kuɗin sallama, wanda ban taɓa ba ku bayaninsa ba. Doka ta ce ma'aikaci yana da rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, sannan cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan. Amma wanda ya yi murabus da kansa, in shekarunsa tsakanin 2 da 5 ne kashi ɗaya cikin uku zai samu, tsakanin 5 da 10 kashi biyu cikin uku, sai ya cika 10 ake ba shi duka. A ce mutum yana ɗaukar riyal 4,000, ya yi shekara 8. Haƙƙinsa 22,000 ne. In ya yi fushi ya miƙa takardar murabus a tsakiyar kwantiragi, bai kai 15,000 zai karɓa ba. In ya yi haƙuri kwantiragin ya ƙare ya ce ba zai sabunta ba, sai a ba shi cikakke. Bambancin nan jari ne guda. Duk wanda yake nan cikin abokaina yana karanta wannan, ko da ya yanke shawarar tafiya, don Allah ya duba ranar da kwantiraginsa zai ƙare tukuna.

Kada Yaya ya yi murna da wuri, domin shi ma ban bi shi duka ba. Aikin da yake kira reshe, ni da nake kansa na san yana motsi. A ƙarshen Fabrairun 2020 aka dakatar da Umara saboda annobar korona, Hajjin shekarar 'yan tsiraru mazauna ƙasa ne suka yi, na 2021 ma mutum 60,000 ne kawai na cikin gida. Otal-otal suka rufe, motocinmu suka tsaya, na ga abokan aiki da suka fi ni daɗewa an sallame su. Ga shirin mayar da ayyuka hannun 'yan ƙasa, wanda ya ƙara ƙarfi tun 2011; a 2016 aka wayi gari shagunan saye da gyaran waya sun zama na 'yan ƙasa zalla, kuma babu wanda ya yi mini alkawarin sito ba zai bi sahu ba. Ga harajin iyali da aka fara a Yulin 2017 da riyal 100 a kan kowane mutum duk wata, ya yi ta hawa har ya kai 400 a Yulin 2020. Mai mata da 'ya'ya uku, 1,600 ke nan kafin a yi maganar haya da makaranta. Yaran nan kuma duk da a nan aka haifi biyu daga cikinsu, ba 'yan ƙasa ba ne, ba kuma za su zama ba don an haife su a nan. Komai daren daɗewa gida za mu koma. Kawu ya yi gaskiya a nan: wanda ya koma yana da shekara hamsin da 'yan kai, babu sana'a a hannu sai labarin Harami, ya shiga uku.

Don haka ga matsayata. Ba zan ajiye aiki yanzu ba, kuma ba zan yi kasuwanci a ƙasar nan ta bayan gida ba. Zan ware wani abu daga ajiyata, gwargwadon abin da in ya salwanta ba zai hana ni barci ba, in ba autanmu jari. Kasuwancin nasa ne, a Kano, ya yi masa rajista da hukumar rajistar kamfanoni da sunansa, ya buɗe masa asusu daban da na aljihunsa. Ya fara da sarar kaya a Kwari da Hajj Camp, ya gwada ko waɗanda suke danna masa alamar so a hoto za su turo kuɗi, domin hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mutum ɗari suna iya tambayar "nawa ne ƙarshe", biyu su saya, ɗaya daga cikin biyun kuma 'yar'uwa ce da za ta ce a rubuta sai ƙarshen wata.

Auta, sharaɗina ɗaya ne, kuma na faɗe shi a gaban kowa don kada gobe a ce Yaya ya tsananta: littafi. Ka rubuta komai, har kuɗin data da na a-daidaita-sahu da abin da ka ba direba a tasha ya kai saƙo Katsina ko Zariya, ka kuma yanka wa kanka albashi a ciki, domin kasuwancin da ba ya biyan mai tsaronsa ba riba yake yi ba. Shekara guda cur nake so in gani, da azumi da sallah lokacin da abaya take tafiya kamar ruwa, da kuma watannin damina lokacin da kowa ya ɗaure bakin aljihu. In bayan shekara littafin ya nuna abin yana iya ɗaukar gida biyu, to ƙarshen kwantiragina sai in karɓi sallamata cikakkiya in taho mu zauna a kai tare, tunda zuwa da kai ya fi saƙo. In bai nuna ba, mun yi asarar kuɗi kaɗan, ba mu yi asarar igamar mutum biyar ba.

Akwai abu guda da ba ya shiga lissafi, kuma ba zan ɓoye muku shi ba. Daga nan Zahir, in na ga dama bayan isha'i na shiga mota, kafin wani lokaci ina cikin Harami. In ina son Umara, Tan'im tana nan kan hanyar da ta wuce ta gefenmu, in je in ɗaura harami in dawo. Maman yara ta ce duk wannan dogon lissafin nawa na canji da kuɗin sallama rufa-rufa ce kawai, gaskiyar magana ba na son barin Makka ne. Na yi mata musu a ranar. Da na kwanta sai na ga ba ta yi ƙarya duka ba.

Auta, ka turo mini farashin sarin abaya na Kwari da na Hajj Camp kafin Juma'a, kala uku-uku, da kuɗin kai saƙo Kaduna da Abuja. Kawu, a yi mini haƙuri in na saɓa, ba raini ba ne. A gaida Hajiya da kyau, a ce mata dabinonta yana hannun maƙwabcinmu da zai sauka Kano mako mai zuwa in Allah Ya yarda, kuma wannan kyauta ce, kada auta ya sa shi a Instagram.

Wassalam.

Naku,
ɗan'uwanku a Zahir, Makka.