Kada a raba ɗan riƙo da harshensa

A shekarar 2014 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada sun gano cewa ƴan matan Sin da iyalai masu Faransanci suka ɗauka riƙo tun suna jarirai, ƙwaƙwalwarsu ba ta daina gane karin sautin Sinanci ba, ko da yake bakinsu ya manta. To, ina ga yaron da ya baro Sin yana ɗan shekara 13? Kuskure ne a hana shi harshensa wai don ya yi saurin sajewa. Sabbin iyayensa su fara da koyon sunansa da karinsa daidai, domin a Sinanci kari na sauya ma'ana, kamar yadda ya raba kukan jariri da kukar miya a Hausa. Sannan su nemo masa abokin hira, bayan sun tambaye shi ko Mandarin yake ji ko Kantonis.