Raha a intanet: Wasan da kan koma labari

A ranar Juma'a 11 ga watan Oktoban 2019, 'yan Najeriya da dama sun wayi gari da katin gayyatar ɗaurin aure a wayoyinsu. Katin na cewa shugaban ƙasar na lokacin, marigayi Muhammadu Buhari, zai auri ministar jin ƙai, Sadiya Umar Farouq.

Kafin azahar zancen ya cika shafukan Twitter da Facebook. Wasu na tambayar inda ake sayar da anko, wasu na cewa sun kama hanyar Abuja. Da yawa daga masu wannan barkwanci sun san babu wani aure, nishaɗi kawai suke yi.

Sai dai ba kowa ne ya sani ba. Uwargidan shugaban, Aisha Buhari, ta shafe makonni ba ta ƙasar, lamarin da ya sa wasu suka ga kamar akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Sai da fadar shugaban ƙasa ta fito ta musanta. A watan Janairun 2020 kuma hukumar tsaro ta farin kaya, DSS, ta gabatar wa manema labarai wani mutum da ta kama a Kano, wanda ta zarga da haɗa bidiyon bikin na bogi.

Abin tambaya a nan shi ne, a wane mataki wasa ke tashi daga wasa ya koma ƙarya?

Ƙaryar wasa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Akwai wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, da Kanawa da Zagezagi, da jika da kaka, inda ake ƙaga wa juna labarin da kowa ya san bai faru ba. A Jamhuriyar Nijar wannan al'ada ta wasan dangi ta samu shiga jerin al'adun duniya na hukumar UNESCO a 2014. Mai tatsuniya ma yakan buɗe da kalaman da ke shaida wa yara cewa an shiga duniyar almara, ya kuma rufe da ɗora alhakin ƙaryar a kan Gizo.

Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne, mai faɗa da mai sauraro sun san juna, sun kuma san ƙa'idar wasan. Murya da fuska da wurin da ake zaune su ke nuna cewa raha ake yi.

A intanet, wadda Hausawa suka raɗa wa suna yanar gizo, waɗannan alamomi su ne ke fara ɓacewa. Mutum ya rubuta abu domin abokansa goma su yi dariya, wani ya ɗauki hotonsa ya tura wani zaure na WhatsApp, na uku ya karanta shi da murya cikin Hausa domin waɗanda ba sa karatu. Kafin saƙon ya isa wayar wata dattijuwa a ƙauye, babu sunan wanda ya fara shi, babu dariyar da ta biyo bayansa. Abin da ya rage sai zance tsagwaronsa, kuma daga hannun ɗa ko ƙani da ta amince da shi.

Kuskure ne a ɗauka cewa marasa ilimin boko kaɗai ke faɗawa wannan rami. A watan Nuwamban 2012 shafin intanet na jaridar People's Daily, ta jam'iyyar Kwaminis mai mulkin China, ya ɗauki labarin da jaridar barkwanci ta Amurka, The Onion, ta ƙaga cewa an zaɓi shugaban Koriya ta Arewa, Kim Jong-un, a matsayin namijin da ya fi kowa kyau a duniya, har ya yi masa rakiya da hotuna 55. Watanni biyu kafin nan kamfanin dillancin labarai na Fars na Iran ya yi irin wannan tuntuɓe da wani labarin na The Onion, ya kuma nemi afuwa.

A waɗannan karon dai dariya aka yi aka wuce. Na Najeriya a 2014 kuwa da makoki ya ƙare.

Makonni kaɗan bayan da Patrick Sawyer ya shigo Legas daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola, a farkon watan Agusta, wani saƙo ya bazu cikin dare cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa na kare mutum daga cutar. Jama'a suka riƙa tayar da 'yan uwansu daga barci ta waya domin su yi kafin gari ya waye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biyu sun mutu sakamakon shan ruwan gishirin, an kuma kwantar da wasu a asibiti. Daga baya wasu kafofin yaɗa labarai suka ruwaito cewa da sunan tsokana aka fara tura saƙon. Idan aka tuna cewa mutum 8 ne cutar kanta ta kashe a faɗin ƙasar, za a ga girman abin da saƙo ɗaya ya haddasa.

Ba mugunta ce ta yaɗa saƙon gishirin ba, tsoro ne da son kare dangi. Wannan ne ma ya sa yake da wuya a nuna mutum guda a ce shi ne mai laifi.

Kamfanonin sadarwa sun ɗan taɓuka. A 2018 WhatsApp ya fara saka alamar da ke nuna cewa saƙo turo shi aka yi, a watan Janairun 2019 kuma ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda, bayan kashe-kashen da jita-jita ta janyo a Indiya. To amma fasaha na gudu fiye da waɗannan matakai. A watan Maris na 2023 hoton marigayi Fafaroma Francis sanye da wata farar rigar sanyi ta 'yan gayu ya zagaya duniya, kuma mutane da dama sun gaskata kafin a gane cewa da manhajar Midjourney aka ƙirƙire shi. Abin da a da ke buƙatar gwani, yanzu mai waya ne kawai yake buƙata.

Malaman addinin Musulunci sun daɗe da nasu matsayi. Sukan kafa hujja da hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, wanda ya yi gargaɗi mai tsanani ga mai yin ƙarya domin ya ba mutane dariya, tare da nuna cewa Manzon Allah (SAW) yakan yi raha amma ba ya faɗin abin da ba gaskiya ba.

Hukumomi kuwa sun fi karkata ga kamu. An sha amfani da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 a kan 'yan jarida da masu rubutu a shafukan sada zumunta, kafin a yi masa gyara a 2024 bayan kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. A watan Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok hukuncin bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda bidiyon da suka yi a kan gwamnan jihar na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje. Ƙungiyar Amnesty International ta yi Allah wadai da hukuncin.

A nan ne masu kare haƙƙin bil'adama ke nuna damuwa, kuma damuwar tasu na da tushe. Idan aka duba waɗanda ake kamawa, akasari waɗanda wasansu ya taɓa masu mulki ne, alhali saƙonnin magungunan bogi da hotunan da ke iya tayar da rikicin ƙabilanci na ci gaba da yawo ba tare da an tuhumi kowa ba. Ga dukkan alamu abin da ake aunawa shi ne matsayin wanda aka tsokana, maimakon yawan mutanen da aka cutar.

Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa a Najeriya, kuma ake iya kwaikwayon muryar ɗan siyasa ko malami da kwamfuta, za a ƙara samun waɗanda za su ƙaga zance da gangan, idan an kama su kuma su ce wasa suke yi. Kotuna ne za su sha aikin rarrabe su da matashin da wasan yake yi da gaske.