Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Kebbi Kan Maganin Kitsen Jini



Daga Bagudo nake rubuto maka, kan magungunan rage kitsen jini irin su atorvastatin da simvastatin, waɗanda likita kan rubuta wa mai hawan jini ko ciwon suga don kare shi daga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Magani ne mai amfani. Abin da ke damuna shi ne a miƙa wa mutum shi ba tare da bayani ba.

Yakan sa wasu ciwon tsoka a cinya, sha-raɓa ko kafaɗa. Manomin shinkafa a Illo ko masunci a Lolo zai ce gajiyar aiki ce, ya nufi kemis ya sayi diclofenac. A wasu 'yan ƙalilan kuwa tsokar kan lalace, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, ƙoda ta taɓu. Mu mutanen bakin Kwara mun saba da tsargiya, sai a ɗora mata laifin, a zauna gida. Diclofenac ɗin nan kuma ƙara wa ƙodar nauyi yake yi. Irin wannan lalacewar tsoka ce ta sa kamfanin Bayer ya janye nasa maganin kitsen jini, cerivastatin, daga kasuwa a 2001.

Wani kuma da ya ji ɗan ciwo sai ya watsar da maganin. Alhali binciken masanan Jami'ar Oxford na 2022 ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na ciwon tsokar da masu shansa ke kuka da shi ba daga maganin yake ba.

Ga batun iyaka. Maganin da ya shigo daga Benin ta Tsamiya ko Lolo, takardarsa da Faransanci take. Wa zai karanta wa tsoho cewa haɗa simvastatin da clarithromycin ko ketoconazole haɗari ne?

Roƙona uku ne, ranka ya daɗe. A horar da ma'aikatan asibitocinmu da masu kemis su riƙa faɗa wa majinyaci alamomin nan da Hausa, Dandanci da Fulatanci. A samar da gwajin jini na CK mai gano lalacewar tsoka da na ƙoda a nan kusa, kada sai an je Birnin Kebbi. A kuma haɗa hannu da NAFDAC wajen tantance abin da ke tsallako iyaka.

Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba ka ikon duba kukanmu.

Naka,
Wani ɗan Bagudo