Switch 2: Ko a wannan karon Nintendo zai gyara hidimarsa ta intanet?

Ranar 5 ga Yunin 2025 ce kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya tsayar domin fara sayar da sabuwar na'urarsa ta wasan bidiyo mai suna Switch 2, shekara takwas bayan fitowar yayarta a watan Maris na 2017. Tun daga ranar 2 ga Afrilu da aka baje kolinta, farashi ne ya fi ɗaukar hankali: Dala 449.99 a Amurka, sannan wasan tseren motoci na Mario Kart World shi kaɗai Dala 79.99. Amma ga duk wanda ya jima yana bibiyar wannan kamfani, akwai tambayar da ta fi ta farashi nauyi, wato yadda na'urar za ta haɗa masu wasa da junansu ta intanet. A nan ne Nintendo ya daɗe yana shan suka, a nan ne kuma ya zuba mafi yawan alƙawuransa a wannan karon.

Sukar tana da tushe. Tun a Nuwamban 2002 Microsoft ya buɗe Xbox Live, inda mutum zai sa abin magana a kunne ya yi wasa da wani da ke wata nahiya suna hira. Nintendo kuwa ya ɓullo da wata lamba mai tsawon alƙaluma 12 da sai ka karɓa daga abokinka ka shigar da hannu kafin ku haɗu. Ko da Switch ta fito a 2017, mai son yin magana da abokan wasansa a irin su Splatoon 2 sai ya sauke wata manhaja a wayarsa, ya riƙe na'ura a hannu, waya a gefe. Mutane da dama suka watsar da ita suka koma Discord. A Satumban 2018 kamfanin ya fara karɓar kuɗi kan wasan intanet da a da yake kyauta, a ƙarƙashin tsarin Nintendo Switch Online, ba tare da masu biya sun ga wani sauyi na a zo a gani a ingancin haɗin ba.

To me ya sabunta? Babban abin da aka tallata shi ne GameChat. An ƙara wani maɓalli mai harafin C a jikin abin sarrafa wasa na hannun dama, an kuma dasa makirufo a jikin na'urar. Da zarar an danna, mutum 12 za su iya hira a lokaci guda, huɗu daga ciki kuma su nuna wa sauran abin da ke kan allonsu, ko da ba wasa ɗaya suke bugawa ba. Wanda ya sayi kyamara daban zai iya nuna fuskarsa. Akwai kuma GameShare, wanda ke bai wa mai wasa guda damar gayyato wasu su buga tare da shi ko da ba su sayi wasan ba, a wasannin da aka tsara da hakan. Mario Kart World zai ɗauki 'yan tsere 24 a fili ɗaya, ninkin abin da wanda ya gabace shi ke ɗauka.

A takarda, wannan ci gaba ne. Sai dai a gaskiya yawancinsa biyan tsohon bashi ne, domin abokan hamayya sun daɗe da shi. Ko a bidiyon tallan da kamfanin ya fitar da kansa, hoton allon da abokai ke nunawa yana tafiya ne da ƙyar, yana tsalle-tsalle, abin da masu sharhi suka lura da shi nan take. Idan talla, wadda aka saba yi wa kwalliya, ta fito a haka, bai kamata mai saye ya sa ran abin da ya fi ta ba.

Sai batun kuɗi. An bayar da GameChat kyauta ne zuwa ranar 31 ga Maris, 2026. Daga nan sai mai rajistar Nintendo Switch Online, wadda a Amurka take Dala 19.99 a shekara ga mutum ɗaya, ko Dala 34.99 ga iyali mai asusu takwas. Babban matakin, da ake kira Expansion Pack, Dala 49.99 ne, kuma a cikinsa ne aka saka tsofaffin wasannin GameCube irin su F-Zero GX da masu Switch 2 kaɗai za su samu. Duk ɗan kasuwa ya san wannan dabarar: a ba ka ɗanɗano har bakinka ya saba, sannan a faɗi farashi. Kusan wata goma sun isa yara su mayar da maɓallin C dandalin haɗuwarsu na bayan makaranta, kuma ranar da ya daina aiki, uban gida ne zai ji a jikinsa. Adalci dai shi ne a faɗa cewa kuɗin Nintendo bai kai na PlayStation Plus ko na Xbox ba. Amma wannan ne karon da za a sayar wa mutum na'ura da maɓalli a jikinta wanda ba zai amfane shi ba sai ya ci gaba da biyan haya.

Dalilin kamfanin ba ɓoyayye ba ne. An sayar da Switch ta farko fiye da miliyan 150, amma masu rajistar intanet ɗin ba su kai ko kashi ɗaya cikin uku na wannan adadi ba. Na'ura sau ɗaya ake sayenta, rajista kuwa duk shekara ake sabuntawa. A lokacin da harajin shigo da kaya ke rawa a hannun gwamnatin Shugaba Donald Trump, kuɗin da ke shigowa ta intanet, wanda ba ya bi ta tashar jiragen ruwa, ya fi kwantar wa kamfani hankali. A ranar da aka baje kolin na'urar ce Trump ya sanar da harajin kashi 46 cikin 100 kan kayan Biyetnam, inda ake haɗa wani kaso mai yawa na na'urorin Nintendo. Hakan ya sa aka ɗage karɓar oda a Amurka daga 9 ga Afrilu zuwa 24 ga wata. Farashin na'urar bai motsa ba, amma na wasu kayan haɗinta, har da kyamarar hirar, ya ƙaru.

Har a rabon na'urar ma an ga yadda rajista ta zama mizani. A shagon kamfanin na intanet, an fifita waɗanda suka yi aƙalla shekara guda suna biya kuma suka buga wasa na sa'o'i 50. An ce an yi haka ne domin a toshe 'yan kakaci-kaɗai masu saye da yawa su ɓoye su tsauwala. Duk da wannan sharaɗi, shugaban kamfanin, Shuntaro Furukawa, ya sanar cewa mutum miliyan 2.2 ne suka nema a Japan kaɗai, har ya nemi afuwar waɗanda ba za su samu ba.

Abin da tallan bai taɓo ba shi ne wanda ya fi muhimmanci ga mai wasa na gaske, wato hanyar da ake ƙulla haɗin. Yawancin manyan wasannin Nintendo ba sa bi ta wata babbar kwamfutar kamfani da ke tsakiya tana alƙalanci. Na'urorin 'yan wasan ne ke magana da juna kai tsaye. Wannan ya fi wa kamfani sauƙin kuɗi, amma illarsa ita ce mutum ɗaya mai raunin sadarwa na iya jawo wa kowa tsaiko. Masu buga Super Smash Bros. Ultimate sun shafe shekaru suna kokawa da wannan, haka masu Splatoon da saƙon katsewar sadarwa ya zame musu abin barkwanci. An inganta ƙarfen: Switch 2 na da Wi-Fi 6, kuma mazauninta da ake haɗawa da talabijin na da ramin wayar intanet. Amma kyan mota ba ya gyara hanya. Yanzu ga 'yan tsere 24, ga murya, ga hoton bidiyo, duk a kan layi ɗaya. Abin tambaya shi ne ko tsarin zai ɗauki wannan nauyi, kuma a ganina da wannan ya kamata a auna hidimar, ba da yawan tsofaffin wasannin da aka zuba a cikinta ba.

Inda Nintendo ya cancanci yabo shi ne kula da yara. Ba a buɗe GameChat sai an tabbatar da lambar waya ta saƙon tes, ba a hira sai da wanda ke cikin jerin abokai kuma aka gayyace shi, yaron da bai kai shekara 16 ba kuwa sai iyayensa sun amince ta manhajar da ke wayarsu. Ga ma'aikacin da ke fita tun safe ya bar yara da na'ura, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai kariyar tana da farashinta: kamfanin ya bayyana cewa yana iya naɗar wani yanki na murya da hoton hira domin binciken ƙorafi. Kyamara da makirufo a tsakiyar falo abu ne da ya kamata magidanci ya yi tunani a kai kafin ya kunna.

Ga namu 'yan kasuwar da ke shigo da irin waɗannan kaya daga Dubai ko Chana, akwai wuraren da za a iya yin tuntuɓe. A canjin tsakiyar 2025, lokacin da Dala take kewayen Naira 1,600, na'urar ta haura Naira dubu 700 tun kafin kuɗin dako da na kwastam, wato albashi mafi ƙanƙanta na wata goma. Don haka jarabar neman mai araha za ta yi ƙarfi, kuma akwai ta: a Japan an fitar da wata a 2025 a kan Yen 49,980, alhali mai harsuna da yawa ta fito a kan Yen 69,980. Mai arahar da Japananci kaɗai take aiki, kuma asusun da aka yi wa rajista da ƙasar Japan kaɗai take karɓa. Wanda ya cika kwali da ita ya kawo Kano ko Legas, ya sayo wa kansa rigima da kwastomomi.

Na biyu shi ne sabon nau'in katin wasa da babu wasan a cikinsa, mabuɗi ne kawai. Sai an sa shi an sauke wasan gaba ɗaya daga intanet, kuma wasannin zamani kan cinye gigabait masu yawa, a shekarar da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. An rubuta gargaɗin a jikin kwalin, sai a duba kafin a saro. Na uku, Najeriya ba ta cikin ƙasashen da shagon Nintendo na intanet ke aiki a hukumance, don haka masu na'urar a nan kan yi rajista da sunan wata ƙasa su biya da katin da aka sayo daga waje. Sannan haɗin kai-tsaye tsakanin na'urori bai cika jituwa da intanet ɗin layin waya ba, inda mutane da yawa ke raba adireshi guda, kuma shi ne akasarinmu muka dogara da shi. Mai shagon da zai yi wa kwastoma alƙawarin tsere da mutanen Tokyo, gara ya gwada a kan layinsa tukuna. Gidajen wasan da ke unguwanninmu dai ƙwallon PlayStation ce ke ciyar da su, kuma ko da yake EA Sports FC ya iso Switch 2, ban ga abin da zai sa su sauya sheƙa da wuri ba.

Akwai kuma abin da tarihin kamfanin ya nuna game da tsawon ran irin wannan hidima. A watan Mayun 2014 aka rufe wasan intanet na Wii da DS. A Afrilun 2024 aka rufe na Wii U da 3DS, shekara guda bayan an daina sayar da wasanni a shagunansu. A wancan zamanin, wanda ke da faifai ko kati ya ci gaba da wasansa shi kaɗai a gida. Da katin da mabuɗi ne kawai, da hirar da ke jingine da rajista, kaso mafi girma na abin da mutum ya biya yana zaune ne a kwamfutocin kamfanin. A 2025, kafin fitowar na'urar, Nintendo ya yi hasashen sayar da Switch 2 miliyan 15 kafin ƙarshen Maris na 2026, daidai ranar cikar wa'adin hirar kyauta.