Tiyatar ƙashi ba ta cika sai da gashi

Tun daga 1959 Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano yake karɓar masu karaya daga sassan Arewa. Yau aikin da ya fi yawa a ɗakunan tiyata irin nasa shi ne gyaran ƙashin cinya da na ƙwauri da haɗurran babur da mota suka farfasa, inda ake zura ƙarfe cikin ɓargo ko a ɗaure ƙashin da faranti da kusoshi. Sai dashen ƙugu, wanda likitan Ingila John Charnley ya daidaita fasaharsa a farkon shekarun 1960, kuma masu sikila da yawa ke buƙata idan jini ya daina isa kan ƙashin cinyarsu. Akwai kuma dashen gwiwa ga dattawan da amosanin gaɓɓai ya cinye musu guringuntsi.

Dangi kan sayar da gona ko shanu don a yi aikin. Da an cire zare sai a yi hamdala, a kai majinyaci gida, a shimfiɗa masa katifa, a hana shi ko motsi don tausayi. A nan ne asara take farawa.

Naman cinya yana zubewa cikin 'yan makonni idan ba a motsa shi. Gwiwar da aka bari a miƙe tana sandarewa, har wani lokaci sai an sake sa mutum barci an lanƙwasa ta da ƙarfi. Doguwar kwanciya tana jawo gyambon baya da daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wanda kan tsinke ya toshe huhu. Shi ya sa likitocin gashi, wato masu farfaɗo da jiki ta hanyar motsa gaɓɓai, ke tayar da wanda aka yi wa dashen ƙugu ko gwiwa cikin kwana ɗaya ko biyu, ya fara takawa da abin dogarawa, ko da yana cije baki.

Aikinsu yana da lissafi. Sai gwiwa ta lanƙwasu zuwa digiri 90 kafin mutum ya zauna daidai a kujera, sujada da zaman tahiya kuwa suna neman fiye da haka nesa ba kusa ba. Wanda aka sa wa sabon ƙugu galibi ana hana shi tsuguno, harɗe ƙafa da zama a tabarma na makonni shida zuwa goma sha biyu, don kada gaɓar ta goce. A gidan da ake cin abinci a ƙasa kuma masai na tsuguno ne, dole a sami masanin da zai zauna da iyali ya nuna musu dabara: kujerar bayan gida, gado mai tsayi, salla a zaune har sai likita ya yarda. Tausa da ruwan zafi na maƙwabta ba sa maye gurbin wannan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 2.4 ne ke da larurar da farfaɗo da jiki zai amfana, kuma a wasu ƙasashe marasa ƙarfi fiye da rabin masu buƙata ba sa samu. Jami'ar Bayero tana yaye likitocin gashi duk shekara, amma yawancinsu a manyan birane suke, wasu kuma sun tafi ƙasashen waje. Manomin da aka sallama zuwa ƙauye, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana shi dawowa sau biyu a mako.

Ya kamata asibitoci su riƙa faɗa wa iyali kuɗin gashi tare da na tiyata tun ranar farko, don a yi tanadi. Gwamnatocin jihohi su ɗauki likitan gashi aƙalla ɗaya a kowane babban asibitin ƙaramar hukuma, hukumomin inshorar lafiya kuma su biya zaman gashi har majinyaci ya ajiye sanda ya koma gona ko kasuwa.